Keke Mai Lantarki Da Ake Ninkewa: Sauƙin Da Ke Cikinsa Da Abin Da Ya Kamata A Kiyaye

Daga Wakilinmu a Kano

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kiɗan zirga-zirga ya sauya a ƙasar nan. Litar man da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuma ta wuce N1,000 a wurare da yawa. Ko da yake farashin yana hawa yana sauka tun daga lokacin, bai sake komawa kusa da inda ya baro ba. Ƙaramin ma'aikaci, wanda dokar da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 ta yanka masa N70,000 a matsayin albashi mafi ƙanƙanta, in ya zauna ya yi lissafin kuɗin mota na wata guda, sai ya ga kamar direbobi yake yi wa aiki.

Saboda haka kowa ya shiga neman mafita. Wasu sun jingine motocinsu sun koma kan babur, wasu sun jingine babur sun koma tafiyar ƙasa, wasu kuwa sun shiga zaure sun kakkaɓe tsohon basukur ɗin da iyayensu suka bari. A cikin wannan hali ne aka fara ganin wani baƙon abin hawa jefi-jefi a titunanmu, watau wani ɗan keke mai ƙananan tayoyi, wanda ke tafiya shiru ba ƙara ba hayaƙi, mai shi kuma yana isa inda za shi sai ya sauka ya ninke abinsa gida biyu ko uku, ya ɗauka ya shiga ciki da shi.

Tun farkon 2024 nake hawan irin wannan keke, daga gidana da ke wajen Na'ibawa zuwa ofis a cikin gari, tafiyar kimanin kilomita 8. Da wuya rana ta fito ta faɗi ban sami wanda ya tsayar da ni da tambaya ba. Tambayoyin kuwa ba sa wuce uku: nawa ne, ina ake samu, kuma da gaske ba ya shan mai? Ganin yawan masu tambaya ya sa na ga ya dace in zayyana wa jama'a masu karatu abin da na gani da idona da kuma abin da na bincika, domin wanda ke da niyyar zuba kuɗinsa ya san abin da zai saya tun kafin ya kwance bakin jaka.

ASALINSA

Mai karatu zai yi zaton wannan keke ƙirƙirar jiya ce, alhali kuwa dabaru biyu ne tsofaffi aka haɗa wuri guda. Dabarar sa wa keke injin lantarki ta girmi kakannin yawancinmu, domin tun a 1895 wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton ya yi rajistar keke mai batir wanda injinsa ke cikin cibiyar tayar baya, kusan yadda ake yi a yau. Dabarar ninke keke kuwa sojoji ne suka fara cin moriyarta. A shekarun 1890 wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Gérard, ya fito da keken da soja zai ninke ya goya a baya, a Yaƙin Duniya na Biyu kuma kamfanin BSA na Birmingham ya ƙera wa sojojin laima na Ingila dubban kekuna masu ninkewa.

Bayan yaƙi sai abin ya koma hannun farar hula. A 1975 wani injiniya a Landan, Andrew Ritchie, ya zana keken da daga baya ya shahara da sunan Brompton, a 1982 kuma David Hon ya kafa kamfanin Dahon a Amurka. Abin da ya daɗe yana hana keke mai lantarki ci gaba shi ne nauyin batir, domin batir irin na mota, mai dalma da ruwa, ya fi ƙarfin keke. Sai a 1991 da kamfanin Sony na Jafan ya fara sayar da batirin litiyam, irin wanda ke cikin wayoyinmu na hannu, sannan hanya ta buɗe. Masana ukun da suka yi aikin gano shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami kyautar Nobel a 2019. A 1993 kuma kamfanin Yamaha ya fitar da keken da injinsa ke taimaka wa mahayi yayin da yake taka feda.

A yau ƙasar Sin ce uwa ma ba da mama a wannan fanni. Kekuna masu lantarki da ke kan titunanta sun haura miliyan 300, galibin waɗanda ke shigowa kasuwanninmu kuma daga can suke. Akwai ma wata sana'a a manyan biranensu da ta dogara kacokan a kan keke mai ninkewa. In mai mota ba ya cikin halin da zai iya tuƙi da dare, sai ya kira direban haya ta waya. Direban ya zo a kan ɗan kekensa, ya ninke ya sa a but, ya tuƙa mai motar har gida, sannan ya fito da kekensa ya warware ya nufi wani aikin.

YADDA YAKE AIKI

In aka ɗebe batir da inji, wannan keke bai bambanta da Raleigh ko Hercules ko Phoenix da muka sani ba. Yana da feda da sarƙa da sirdi da birki, sai dai tayoyinsa ƙanana ne, inci 14 ko 16 ko 20, maimakon inci 28 na tsohon basukur. A tsakiyar jikinsa akwai gaɓa mai makulli, wata kuma a gindin kan keken, su ne ake buɗewa a ninke shi. Wanda hannunsa ya saba ba ya ɗaukar minti guda.

Injin yawanci yana cikin cibiyar tayar baya. A kan keken akwai ɗan allo mai nuna gudu da sauran caji, da maɓallin da ake zaɓen ƙarfin taimakon da ake so, daga kaɗan zuwa mai yawa. Da zarar mahayi ya fara taka feda sai wata 'yar na'ura ta ji motsin, ta ba injin umurni ya tura. Wasu kekunan suna da totur irin na babur, wanda in an murɗa sai keken ya tafi ko ba a taka ba. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta ce muddin ana so a ɗauke shi a matsayin keke, kada ƙarfin injin ya wuce wat 250, kuma ya daina turawa in gudu ya kai kilomita 25 a awa. A Amurka sun ɗaga iyakar zuwa wat 750.

To, amma ran keken duka yana cikin batir, kuma a nan ne ake cutar mai saye. A jikin kowane batir akwai lambobi biyu, ɗaya an bi ta da harafin V, ɗaya da haruffan Ah. In aka ninka ta farko da ta biyu, abin da ya fito shi ne yawan wutar da batirin ke iya ɗauka. Alal misali, batir mai 36V da 10Ah yana ɗaukar 360, wanda ake rubutawa 360Wh. Mutum matsakaici da ke taka feda a shimfiɗaɗɗiyar hanya yakan ci wajen 10 a kowace kilomita, watau zai yi tafiyar kilomita 35 ko kusa da haka. In kuwa mai jiki ne, ga kaya, ga iska tana tunkaro shi, kuma totur kaɗai yake murɗawa, to, da ƙyar zai wuce kilomita 20.

Ni da kaina ban san wannan lissafi ba ranar da na saya. Mai kantin ya tabbatar mini cewa caji ɗaya zai kai ni kilomita 60, ga shi ma an rubuta a jikin kwali. A mako na biyu na yi wa kaina dogon zagaye, daga ofis na wuce Kabuga gaisuwar rashin lafiya, na biya ta Sabon Gari, ina murɗa totur ina jin daɗi. Ban kai gadar Dangi ba allo ya ɗauke. A ranar na gane cewa keke mai nauyin kilo 20 da 'yan kai, mai ƙananan tayoyi, in batirinsa ya mutu, ba abokin tafiya ba ne a ranar Afrilu. Na isa gida a jiƙe sharkaf. Da na duba lambobin jikin batirin na yi lissafi, sai na ga keken bai yi mini ƙarya ba, kwalin ne ya yi.

LISSAFIN KUƊI

Ga amsar masu tambaya ko da gaske ba ya shan mai. Yunit ɗaya na wutar lantarki, irin wanda mita ke ƙirgawa, daidai yake da 1,000Wh. Cika batir mai 360Wh, har da ɗan abin da caja ke ɓarnatarwa, bai kai rabin yunit ba. A watan Afrilu na 2024 an sa wa masu amfani da wuta na rukunin A, waɗanda su ne suka fi kowa biya, N225 a kan kowane yunit. Ko da wannan farashi mai tsada, cika batirin bai wuce wajen N100 ba. Babur mai lafiya kuwa yakan sha kusan lita guda kafin ya yi irin wannan tafiya. Ga shi babu bakin mai, babu filogi, babu kabireto da za a wanke. Cajin yakan ɗauki awa 4 zuwa 6.

Amma fa kada a tsaya nan, domin lissafin bai cika ba. Batirin litiyam yana tsufa. Bayan an cika shi an juye sau 500 zuwa 800, ƙarfinsa yakan ragu sosai, tafiyar da yake yi da sai ta gajarta. Ga mai hawa kullum, wannan na nufin shekara biyu zuwa huɗu. Sabon batir kuwa shi ne abu mafi tsada a jikin keken, kuma da yake daga waje ake kawo shi, kuɗinsa na bin farashin dala. Saboda haka mai hankali, a duk lokacin da ya tsira da kuɗin mota, sai ya ware wani abu ya ajiye, tamkar mai zubin adashi, domin ranar da batir zai ce ya gaji. Wanda ya cinye ribar duka, ranar nan zai jingine keken a bayan ɗaki.

Sai kuma kuɗin sayen keken kansa, wanda ko mai araha ne ya ninka albashin ƙaramin ma'aikaci sau da yawa. Wannan shi ne babban shingen da ke tsakanin keken da mutanen da suka fi bukatarsa. Abu na uku shi ne wutar da za a yi cajin. A watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama har da Kano suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, sai da na riƙa cire batirin ina kai wa wani maƙwabci mai sola. Alherin da ke ciki shi ne batirin bai da cin wuta, ƙaramar sola ta gida ko ɗan janareta ya ishe shi. Amma wanda ba shi da tabbacin inda zai yi caji, a gida ko a wurin aiki, gara ya dakata.

AMFANIN NINKEWA

Wani zai ce, in dai lantarki ake so, me ya sa ba za a sayi babban keke ko babur mai lantarki ba? Amsa ita ce ninkewar tana warware matsaloli uku da mazaunin birni ya sani. Ta farko sata. Keken da aka ɗaure a bakin titi rabonsa na ɓarawo ne, wanda aka ninke aka tura ƙarƙashin tebur kuwa yana gaban mai shi. Ta biyu wurin ajiya, domin mai ɗaki ɗaya a gidan haya ba shi da gareji, amma ba zai rasa lungu a bayan ƙofa ba. Ta uku haɗa shi da wani abin hawa. In zan je ganin gida a ƙarshen mako, nakan ninke shi a sa a but tare da sauran kaya, in na sauka a tasha in warware in ƙarasa, ba sai na tsaya cinikin ɗan acaɓa ba. A cikin birnin Kano ma, inda gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur tun watan Janairu na 2013, mutum ya dogara ne ga A-daidaita-sahu, wadda ba kowane lungu take shiga ba.

A wasu ƙasashe ninkewar ta zama izinin shiga. Daga ranar 31 ga watan Maris na 2025, hukumar sufuri ta birnin Landan ta hana shiga yawancin jiragenta na ƙasa da keke mai lantarki, saboda tsoron gobara, amma ta ƙyale wanda ake ninkewa. Jirgin sama kuwa ba ya ɗaukarsa, domin ƙa'idar kamfanonin jirage ba ta yarda fasinja ya shiga da batirin da ya wuce 160Wh ba. Wanda ya yi niyyar sayowa daga waje ya riƙo a hannu, sai ya san da wannan.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Kalmar ninkewa tana sa mutum ya zaci abin ba shi da nauyi, alhali yawancinsu suna tsakanin kilo 17 zuwa 25, masu faffaɗar taya ma sun fi haka. Wanda ofishinsa ke hawa na uku zai gane haka tun ranar farko. Gaɓar da ake ninkewa kuma ita ce wuri mafi rauni a jikin keken. Wajibi ne a duba makullinta kowace safiya, in an ji tana motsi ko tana ƙara a ɗaure ta, in an ga tsaga a kusa da ita a daina hawa nan take.

A KAN TITI

Hawansa da daɗi, musamman da sassafe. Mutum yana tafe a natse, ba gumi, ba warin hayaƙi a tufafi, in an sami cunkoso a Ƙofar Nasarawa ya ratse ya wuce. Tafiyar da takan ci mini kusan awa guda, tsakanin jiran abin hawa da sauke fasinja da ɗauka, yanzu ba ta wuce rabin awa.

Amma ƙaramar taya ba ta da haƙurin babba. Ramin da basukur zai haye ba tare da mahayi ya ji ba, wannan yana iya kifar da shi. Yashi kuwa abokin gabansa ne. Sau ɗaya na faɗi, a wata kwana da ruwan sama ya tara rairayi, na shigo da gudu tayar gaba ta nutse. Allah ya taƙaita, gwiwa da tafin hannu kawai na kurje, amma tun daga ranar ban ƙara hawa ba hular kwano ba. Da damina, yayyafi ba ya hana shi tafiya, sai dai kada a kuskura a shiga ruwan da zai kai cibiyar taya ko mazaunin batir. Da hunturu kuma ƙura takan cika sarƙa, sai an riƙa gogewa ana sa mai. Mai babbar riga ya tattare ta sosai, domin sirdin yana kusa da taya, in ta kama bakin riga ba ta saki.

Shirun da ake yabonsa da shi ma yana da nasa hatsari. Mai tafiya a ƙasa ba ya jin zuwansa, direba kuma in ya hango keke sai ya ɗauka a hankali yake tafe, ya sha gabansa, alhali yana gudun kilomita 25 a awa. Don haka ƙararrawa da fitila gaba da baya ba ado ba ne. Haka kuma ba abin ɗaukar iyali ba ne. Yawancinsu an yi su ne domin nauyin kilo 100 zuwa 120, har da mahayin. Mai son kai yara uku makaranta ko ɗauko buhun masara daga Dawanau, ya nemi wani abin hawan.

Akwai kuma maganar idon jama'a. A wurinmu an ɗauki keke abin hawan wanda bai samu ba, wannan kuwa da ƙananan tayoyinsa har keken yara ake ce masa. Na sha dariya a majalisa a watannin farko. Yanzu masu dariyar su ne ke tambayar inda ake sayarwa.

MAGANAR GOBARA

Wannan shi ne sashen da nake roƙon mai karatu ya fi mai da hankali a kai, domin ya shafi rai. A cikin akwatin batirin akwai ƙananan ƙwayoyi masu yawa da aka jera, tare da wani ɗan allo mai tsaron su, wanda ke yanke wuta in sun cika ko sun yi zafi. In ƙwaya ɗaya ta lalace, ko ta sha duka, ko aka ɗura mata wutar da ta fi ƙarfinta, takan yi zafi ta kunna ta kusa da ita, ita ma ta kunna ta gaba. Cikin daƙiƙoƙi sai wuta ta tashi da tartsatsi da hayaƙi mai guba, kuma ba ta mutuwa da bokitin ruwa.

A birnin Niyok na Amurka, hukumar kashe gobara ta ƙirga gobara 268 da irin wannan batir ya haddasa a 2023 kaɗai, mutum 18 suka rasu. A shekarar ce birnin ya kafa dokar hana sayar da keke mai lantarki wanda bai cika ƙa'idar gwaji da ake kira UL 2849 ba. A Landan, a wannan shekarar, kusan kowane kwana biyu sai 'yan kwana-kwana sun fita saboda keke ko sikuta mai lantarki. A watan Fabrairu na 2024 kuma, gobarar da ta tashi daga wurin ajiye kekuna masu lantarki a wani dogon bene a birnin Nanjing na ƙasar Sin ta hallaka mutum 15. Abin da masu kashe gobara suka yi ta nanatawa shi ne, galibin haɗarin yana fitowa ne daga batir maras inganci, da cajar da ba tasa ba, da kuma keken da aka yi wa kwaskwarima a gida.

In haka ta faru a inda ake da motocin kashe gobara a kowace unguwa, to, mu sai mu ninka hattara, domin halinmu ya fi nasu haɗari ta fuska uku. Na farko zafi. Masu ƙera batir sun hana a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu ko a inuwa zafi yakan haura 40. Kada a bar shi a rana ko a cikin motar da aka rufe, in an dawo daga tafiya kuma a bari ya huce kafin a jona. Na biyu, sau da yawa cikin dare ake kawo mana wuta, sai mutum ya jona ya kwanta. Wannan shi ne babban kuskure. A yi caji ido biyu, in ya cika a zare. Na uku, ɗakunanmu ƙofa ɗaya gare su, tagogi kuma an yi musu ƙarfe saboda ɓarayi. Wanda ya jona batir a bakin ƙofar ɗakin da iyalinsa ke barci ya toshe musu hanyar fita da hannunsa. A yi caji a tsakar gida ko a baranda, a kan siminti, nesa da katifa da labule da galan ɗin fetur.

Na taɓa kusantar wannan haɗari. Cajata ta ƙone wata rana da aka kawo wuta da ƙarfi, sai na shiga kasuwa na sayi wata mai araha wadda bakinta ya shiga daidai. Ban yi rabin awa da jonawa ba na taɓa batirin na ji ya yi zafin da ban saba ji ba. Da na duba bayanta sai na ga ta batir mai 48V ce, tana fitar da 54.6V, nawa kuwa mai 36V ne, wanda cajarsa ba ta wuce 42V. Shigar baki ba ita ce dacewa ba, lambar ita ce abin dubawa. Haka nan batirin da ya kumbura, ko ya fashe, ko yake wari, ko ya sha ruwa, a fitar da shi daga gida. A kuma yi hattara da masu haɗa batir da tsofaffin ƙwayoyin da aka ciro daga batiran kwamfuta, da mai gyaran da zai cire allon tsaro ya ce ya gyara. Araha ba ta ado, a nan ma tana iya cin gida.

KAFIN A SAYA

Wanda ya ƙuduri aniyar saye, ya fara auna tafiyarsa ta yini, zuwa da dawowa, ya nemi batirin da zai yi ta har ya bar saura. Ya yi lissafin lambobin jikin batir da kansa, ya manta da abin da ke jikin kwali. Ya zaɓi wanda ake iya zare batirinsa, domin a yi caji a inda ya dace. Ga titunanmu taya mai inci 20 ta fi ta 14 ko 16, kuma ta fi sauƙin samu wurin masu faci. Ya ninke keken ya ɗaga da hannunsa a gaban mai kanti, ya hau ya gwada birki. Ya tambaya ko akwai batir da caja da taya na canji, da wanda zai gyara in allo ko inji ya sami matsala, domin mai gyaran keke na bakin titi zai iya sarƙa da birki, amma wayoyin ciki sai mai aikin lantarki. In na hannu ne, a sani cewa batirin ya riga ya ci wani kaso na rayuwarsa, a yi ciniki a kan haka. A karɓi rasit da alkawarin garanti a rubuce.

KIRA GA HUKUMA

Ba yau aka fara kiran 'yan Nijeriya su koma kan keke ba. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta wannan kira har yana zuwa aiki a kan keke a Abuja, sai wata bas ta ture shi. Darasin da ke cikin wannan shi ne, kira kaɗai ba ya isa in titi bai ba mai keke wurinsa ba. Ya kamata a duk sabon titin da za a shimfiɗa a biranenmu a ware gefen masu keke, a kuma kwashe yashin da ke taruwa a bakin kwalta. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta sa ido sosai a kan batura da cajojin da ake shigowa da su, tun kafin mu fara ƙirga gawarwaki kamar yadda wasu suka yi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta yi wa jama'a bayani dalla-dalla a kan inda keke ya tsaya da inda babur ya fara. Makarantunmu na koyon sana'a su fara horar da samari gyaran waɗannan kekuna, ƙungiyoyin ma'aikata na gama-kai kuma su duba yiwuwar sayo masu inganci su ba 'ya'yansu bashi, a riƙa cira a albashi kaɗan-kaɗan.

A taƙaice, keke mai lantarki da ake ninkewa ba zai maye gurbin mota ko babur ga mai iyali da kaya ba. Amma ga malamin makaranta, da akawu, da ɗalibi, da ɗan kasuwar da tafiyarsa ta yini ba ta wuce kilomita 20 zuwa 30 a cikin gari, kuma yana da inda zai yi caji, lalle yana rage nauyi ƙwarai. Sharaɗin kawai shi ne ya sayi batir na ƙwarai, ya kula da shi, ya kuma tanadi kuɗin magajinsa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye mu a kan hanya da cikin gida, amin.